DALLA-DALLA: Haɗa keken fiksi ko sayen haɗaɗɗe, wanne ya fi wa matashin Tudun Wada?

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya bayyana a jawabinsa na karɓar mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a Arewa, kuma zuwa Oktoban 2024 ta ƙetare naira dubu a gidajen mai da dama. A Zariya nauyin ya sauka kai tsaye a kan kuɗin acaɓa da na bas da na Keke Napep. Ɗalibin da ke kwana a Tudun Wada yana ɗaukar darasi a Samaru, da ƙaramin ma'aikacin da ke sammako zuwa asibitin koyarwa na Shika, sun wayi gari kuɗin mota yana gogayya da kuɗin abinci.

A irin wannan hali ne keke, wanda a da wasu matasa ke ganin hawansa zubar da aji ne, ya soma dawo da martabarsa. Sai dai ba baƙin keken kakanni ne ke jan hankalin duk matasa ba. Akwai wani siririn keke da ake yawan gani a bidiyoyin Instagram da TikTok, ba shi da madigadi, ba kariya, ba wayoyin giya, wani lokaci ko birki babu. Sunansa fiksi, wato keke mai kafaffiyar giya. Har yanzu baƙo ne a titunan Zariya, kuma duk wanda ya ƙwallafa rai a kansa yakan tsaya tsakanin hanyoyi biyu: ya tara kuɗi ya sayo haɗaɗɗe, ko ya nemi tsohon firam ya haɗa nasa a hannun mai gyara. Kowace hanya tana da inda take cin kuɗi, tana kuma da inda take iya cin ƙashi.

Abin da ya raba fiksi da sauran kekuna

A keken da aka saba da shi, akwai firiwil a wilin baya. Shi ne ke ba mahayi damar tsayar da ƙafa keke ya ci gaba da gudu, yana wannan ƙara ta "tik-tik-tik" da kowa ya sani. Fiksi ba shi da firiwil. Ƙaramin farantin haƙoran da sarƙa ke ja a baya ɗaure yake kam da hob, wato cibiyar wili. Muddin wili na juyawa, feda na juyawa. Mahayi ba shi da hutu ko a gangare. Idan ya danne feda ta baya, gudun ya ragu. Idan ya murza baya, keken ya yi baya.

Wannan ba sabuwar fasaha ba ce. Haka kekunan farko masu sarƙa suke, irin Rover da John Kemp Starley ya fitar a Coventry ta Ingila a 1885, kafin firiwil ya yaɗu a ƙarshen ƙarni na 19. Daga baya kafaffiyar giya ta koma filin tseren keke mai zagaye, inda babu mota, babu rami, babu mai tsallaka titi, shi ya sa kekunan wurin ba su da birki. A Japan an gina wata babbar gasa a kansa, keirin, tun 1948. Masu kai saƙo a kan keke a manyan birane irin New York ne suka fito da shi kan titi saboda ba shi da tarkacen da zai lalace ko a sace, daga nan ya zama abin yayi.

Akwai abin dariya kaɗan a nan. Rabin abin da matasan Turai ke yabawa a fiksi, wato giya ɗaya da sauƙin gyara, shi ne abin da mai kai madara da malamin makarantar allo suke hawa a ƙasar Zazzau shekaru aru-aru. Baƙin Raleigh da Phoenix da Hero duk giya ɗaya gare su. Bambancin kawai shi ne firiwil, da nauyi, da siffa.

Amfanin fiksi na gaske ne. Ba shi da nauyi. A lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ke haɗuwa da mai ta zama kamar yashi a cikin giyoyi, keken da ba shi da na'urar sauya giya ba shi da abin da zai cushe. Mahayi kuma yana jin riƙon tayar baya a ƙafarsa, abin da ke taimakawa a kan santsi.

Idan saye za a yi

Lissafin saye gajere ne, amma yana da ɗaci. A Amurka da Turai, fiksi mai sauƙin kuɗi daga kamfanin da aka sani yana kamawa daga kimanin dala 300 zuwa 500. Da a farkon 2023 ne, lokacin da dala ke wajen naira 460 a farashin gwamnati, da abin ya zo da sauƙi. Amma a watan Yunin shekarar aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuma a Fabrairun 2024 dala ta wuce naira 1,500. A kan wannan farashi, dala 300 ta zama naira 450,000, tun kafin a yi maganar kuɗin jirgi da na kwastan. Mafi ƙarancin albashi a Jihar Kaduna naira 72,000 ne. Kenan albashin sama da wata shida ne cur, ba ci ba sha. Ɗalibin da ke karɓar naira 20,000 a wata daga asusun lamunin karatu na NELFUND zai shafe kusan shekara biyu yana tarawa.

Akwai masu araha da ake sayarwa ta intanet, galibi daga Sin, masu launi mai ɗaukar ido da rim mai faɗi. Abin dubawa a irinsu shi ne ƙarfen firam. Yawancinsu da ƙarfe na gama-gari ake yin su, mai nauyi, ba da kuromoli ba, wanda ake rubuta wa lamba 4130 a jikin firam, mai ƙwari da rashin nauyi. Ƙarfen gama-gari ba laifi ba ne, da shi aka yi baƙin keken da ke ɗaukar buhun masara, sai dai bai kamata a biya kuɗin kuromoli a karɓi shi ba. Sannan wanda ya saya daga hoto bai gwada tsayin firam da tsayinsa ba, kuma mayar da kaya daga Zariya zuwa Legas, balle zuwa ƙetare, wani aiki ne mai zaman kansa.

Abin da haɗaɗɗe ya fi da shi guda ne, kuma ba ƙarami ba ne: an ƙera sassansa don su zauna da juna. Hob ɗin na fiksi ne na ainihi, sarƙa a miƙe take, tsagar da aksil ɗin baya ke zama a kwance take. Waɗannan uku su ne daidai inda mai haɗa nasa ke yawan faɗuwa.

Idan haɗawa za a yi

Komai daga firam yake farawa, kuma kasuwar kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai da Japan ita ce mahakar. A Sabon Gari da Tudun Wada, ko a Kano ga wanda zai iya zuwa, akan ci karo da tsofaffin kekunan tsere na ƙarfe, masu lanƙwasasshen kai, waɗanda giyoyinsu suka mutu har farashinsu ya faɗi. Ga mai son fiksi, mutuwar giyar ba asara ba ce, tunda cire ta zai yi.

Abu na farko da za a duba shi ne tsagar da aksil ɗin wilin baya ke shiga. Idan doguwa ce a kwance, ana iya ja da wili baya ko gaba don ɗaure sarƙa. Idan gajera ce tana kallon ƙasa, kamar yadda take a yawancin kekunan zamani da na hawan dutse, a haƙura da firam ɗin komai kyansa. A keke mai firiwil ana iya rataya ƙaramar na'ura mai sifirin ta riƙe sarƙa, amma a fiksi da zarar mahayi ya danne feda ta baya na'urar za ta lanƙwashe ko ta karye.

Sai lafiyar ƙarfen. A duba mahaɗar bututu ko akwai tsaga, a duba ƙarƙashin bututun da ke bayan fok ko fenti ya tattare, domin alamar keken ya taɓa karo ne ta gaba. A kwance sandar sirdi a ga ko tana motsi. Wadda tsatsa ta manne tana iya cinye yini guda na aiki. Masu gyara suna da wata dabara mai sauƙi ta gane ko firam ya karkace: a ɗaura zare daga tsagar baya ta dama, a zagayo da shi ta wuyan keke zuwa ta hagu, sannan a auna tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. Idan tazarar ba ɗaya ba ce, keken zai riƙa ja gefe har abada. Firam ɗin ƙarfe ana iya miƙe shi, ana iya yi masa walda a Tudun Wada. Na alminiyam idan ya tsage ya tashi aiki.

Wasu za su ce ga tsohon Raleigh a zaure, me ya sa ba za a fara da shi ba? Ana iya yi, amma akwai tarko. Kekunan Raleigh da aka ƙera a Nottingham suna da nasu zaren murɗi a mazaunin feda da wuya, layi 26 a kowane inci, alhali na sauran kamfanoni 24 ne. Kayan zamani ba za su shiga ba, kuma wanda ya matsa da ƙarfi zai cinye zaren. Ga nauyi, ga birkin sanda da ba ya aiki da siririn rim. Wanda ya gaji irin wannan keke ya fi masa ya gyara shi a yadda yake.

Hob, da jarabar walda

Wannan ne wurin da ya kamata mai karatu ya tsaya sosai. Hob ɗin fiksi na ainihi yana da zare hawa biyu. Na ciki, mai faɗi, shi ƙaramin faranti ke hawa, ana murɗa shi dama kamar kowane noti. Na waje ya ɗan fi ƙanƙanta, kuma hagu ake murɗa shi. A nan zoben kulle ke zama. Hikimar ita ce, idan mahayi ya danne feda ta baya, faranti zai nemi kwancewa, sai ya tura zoben, shi kuwa zoben da yake zarensa na hagu ne sai ya ƙara ɗaurewa.

Hob ɗin keken da aka saba zare ɗaya gare shi, na firiwil. Matsalar ita ce farantin fiksi yana hawa wannan zaren daidai, kamar don shi aka yi, sai mutum ya ɗauka aiki ya kammala. Masu keke a Turai suna kiran wannan haɗi da sunan da ke nufin hob ɗin kashe kai, kuma ba su yi ƙari ba. Ranar da aka fi buƙatar tsayawa, ranar ce faranti zai kwance, feda ta koma juyawa a banza, keke kuma ya ci gaba da gudu.

Hanya mafi araha da za a fara ba wa matashi shawara a bakin titi ita ce a kai firiwil wurin mai walda ya ɗinke shi ya daina juyawa baya. Waldar tana kashe firiwil ɗin, gaskiya ne, amma ba ta hana shi kwancewa daga hob ba, domin har yanzu zaren dama ne ke riƙe da shi. Idan kuma aka ce a haɗa shi da hob ɗin a ɗinke gaba ɗaya, zafin wuta yana ƙona giris, yana iya karkatar da mazaunin boris, kuma ranar da haƙora suka cinye sai dai a jefar da hob ɗin duka. Ɗinkin da bai kama da kyau ba kuwa ba ya sallama kafin ya balle. Kuɗin da aka tsimi a nan bai kai kuɗin hoton ƙashi ɗaya a Shika ba.

Saboda haka, ko da komai na keken gwanjo ne, hob da faranti da zoben kulle su zama na ainihi. Su ne sassan da ba lallai a same su a teburin mai kayan keke na unguwa ba, sai an yi oda daga Legas ko ƙetare, kuma da dala ake lissafinsu. Wanda ya fi dacewa shi ne hob mai fuska biyu: gefe ɗaya kafaffen faranti, ɗaya gefen firiwil. Idan mahayi ya gaji, ko zai ba ƙaninsa aro, sai a juya wilin keken ya zama na kowa. Ɗaura sabon hob a rim aiki ne na saƙa sifok da daidaita wili, kuma wannan fanni ne da tsofaffin masu gyaran keke na Zariya suka ƙware a kai. Abin da ya kamata a tabbatar kawai shi ne yawan ramukan hob ya yi daidai da na rim, 32 da 32 ko 36 da 36.

Faɗin hob ɗin fiksi milimita 120 ne. Tsofaffin kekunan tsere suna da 120 ko 126, wanda ake cikewa da wasa, na baya-bayan nan kuma 130. Bayan an ɗaura, a tsaya ta baya a kalli sarƙar: dole ta tafi a miƙe daga babban faranti zuwa ƙarami. Ɗaurinta kuma ya zama tana motsi sama da ƙasa kimanin santimita ɗaya. Sarƙar da ta yi sako-sako tana iya zamewa ta shiga tsakanin faranti da sifok ta kulle wili nan take.

Lissafin giya da taya

Tunda giya ɗaya ce, zaɓenta shi ne zaɓen yadda gwiwa za ta kasance bayan shekara. Lissafin ba shi da wuya. A raba haƙoran babban faranti da na ƙarami, a ninka da zagayen taya, wanda a wilin keken tsere ya kai kimanin mita 2.1. Haɗin 46 da 16, wanda yawancin haɗaɗɗun fiksi ke zuwa da shi, yana ba da kusan mita shida a kowane juyin feda. A tafiyar kilomita 12 mahayi zai juya ƙafa kusan sau dubu biyu, babu ko ɗaya da zai tsallake. A gudun kilomita 25 cikin awa, juyi 69 ne a minti, abin da kowa zai iya. Amma idan gangare ya kai keken kilomita 40, juyin ya zama 110, kusan biyu a daƙiƙa, kuma ƙafar da ta kasa bi feda ce za ta cilla ta.

Zariya ta yi wa fiksi adalci ta wannan fuska, domin gari ne shimfiɗaɗɗe. In ban da sauka da hawa a wajen gadar Kubanni da hawan gadar Kwangila, babu tudun da zai sa a sauka a tura. Ga mai farawa, 44 da 17 ko 46 da 17 sun fi sauƙi a gwiwa, musamman a cunkoson da ake tsayawa ana tashi. Lamba 17 tana da wata fa'ida kuma. Masu tsayar da fiksi ta hanyar kulle ƙafa su ja taya a ƙasa suna yin haka ne da feda a wuri ɗaya kullum. Da haɗin 48 da 16, wuri ɗaya tak na tayar ne ke cin kwalta, sai ta huje cikin ɗan lokaci. Da 46 da 16 wurare takwas ne, da 46 da 17 kuwa goma sha bakwai.

Taya ma tana da nata rikicin. "Inci 28" na baƙin keke da wilin keken tsere na zamani ba abu ɗaya ba ne: na farko milimita 635 ne, na biyu 622, tsofaffin kekunan tsere masu inci 27 kuma 630. Tayar ɗaya ba ta hawa rim ɗin ɗaya. Wanda tayarsa ta fashe a Palladan da yamma, tayar baƙin keke ce zai fi saurin samu, ba tasa ba. Siririyar taya mai milimita 23 ko 25 da ake gani a bidiyo don santsin kwalta aka yi ta. A layukan Tudun Wada da Gyallesu, inda damina ke barin rami da yashi, gara mafi faɗin da firam zai ɗauka, 28 ko 32. Bakin tib ɗin keken tsere ma siriri ne, bututun iskar mai faci ba ya kama shi sai da ɗan ƙaramin mahaɗi, wanda ya kamata ya zauna a aljihu.

Maganar birki

A watan Fabrairun 2016, wani matashi ɗan shekara 18 mai suna Charlie Alliston ya buge wata mata mai shekara 44 tana tsallaka titin Old Street a Landan. Keken tseren fili yake hawa, fiksi marar birkin gaba. Matar ta rasu bayan kwanaki a asibiti. A 2017 kotu ta wanke shi daga tuhumar kisa, amma ta same shi da laifin tuƙin ganganci ƙarƙashin wata doka ta 1861, aka yanke masa wata 18. Masu gabatar da ƙara sun kafa hujja da cewa da akwai birkin gaba, da ya iya tsayawa. A dokar Birtaniya kafaffen wili yana zaman birkin baya, amma na gaba wajibi ne.

Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa taka birki da ƙarfi. Nauyin mahayi yana komawa gaba, tayar baya ta yi sakayau, riƙonta ya ragu. Birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa, kuma ƙafa komai ƙarfinta tayar baya kaɗai take iya riƙewa. Idan a Landan, mai fitilun hanya da layukan tsallakawa, abin ya kai ga rai, to a Agoro ko bakin kasuwar Tudun Wada, inda ɗan acaɓa ke juyawa ba sigina, yaro ke fitowa da gudu daga lungu, akuya kuma ba ta san dokar hanya ba, fiksi marar birki ganganci ne da ran wasu. Wanda ya sauya wili daga 630 zuwa 622 ya tuna cewa robar birki za ta sauko da milimita huɗu kafin ta kama rim.

Akwai haɗurra biyu da bidiyon ƙetare ba ya nunawa domin masu yin sa matsattsun kaya suke sawa. A keke mai firiwil, idan ƙafar wando ko gefen kaftani ya shiga sarƙa, mahayi ya tsayar da feda ya zare. A fiksi feda ba ta tsayawa. Za ta naɗe rigar ta ja mai ita ƙasa. Ranar Juma'a da doguwar riga, ko dai a naɗe a ɗaure, ko a juya wili zuwa gefen firiwil. Na biyu ya shafi yara masu taya gyara: idan an ɗaga wilin fiksi ana juya shi, yatsan da ya shiga tsakanin sarƙa da haƙora ba ya fitowa lafiya, domin nauyin wilin zai ci gaba da ja. Ba a goge sarƙar fiksi tana tafiya. A kwana kuma, tunda ba a iya ɗaga feda a tsayar, tana iya dukan ƙasa. Hannun feda mai milimita 165 ya fi mai 170 aminci a firam ɗin da ba don fiksi aka ƙera shi ba.

Titin da za a hau

Duk wannan lissafi na mutum ɗaya ne, amma titin na hukuma ne. Daga PZ zuwa Kwangila har Samaru, mai keke yana raba kwalta da bas da tirela, ba a keɓe masa layi ba, alhali a garin nan ne Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya, NITT, take tun 1986. A 2001 Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran 'yan Najeriya su rungumi keke, har wata bas ta tura shi cikin kwata yana kan hanyar zuwa aiki a Abuja. An yi ta yi masa dariya, ba a gina hanyar keken ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya tun 2018, kuma a nan ranar takan ƙare da jami'ai sun zagaya gari sun ɗauki hoto.

Ko a fagen wasa labarin bai sauya ba. Akwai filin tseren keke a babban filin wasa na Abuja, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003. Duk da haka, a gasar Olamfik ta Paris a 2024, Ese Ukpeseraye, wadda ta wakilci Najeriya, sai da tawagar Jamus ta ba ta aron keke kafin ta shiga tseren keirin. Keken da aka ara mata fiksi ne. Ƙasar da a da ake harhaɗa Raleigh a Kano, yau hob guda sai an jira shi daga ƙetare.

Wa ya kamata ya yi me

Wanda keke zai zame masa abin neman abinci, zai ɗauko buhu ko jarka ko ya goya yaro zuwa makaranta, ba shi da hurumi a wannan muhawara. Baƙin keke mai kariya ne nasa, kayan gyaransa na kowane lungu, kuma ranar da ya matsu zai sayar da shi kafin la'asar. Fiksi ba shi da wannan kasuwa a Zariya. Mai saye zai hau, ya nemi tsayar da ƙafa, keken ya nemi jefar da shi, ya sauko ya ce a rage kuɗi.

Mai kuɗi a hannu wanda ba ya son zaman bakin rumfar gyara, kuma yana da wanda zai duba masa keken da ido kafin a biya, sayen haɗaɗɗe ya fi masa kwanciyar hankali, da sharaɗin ya zo da birki ko da ramin ɗaura shi a fok. Wasu firam ɗin tseren fili ba su da wannan ramin sam.

Ga ɗalibi ko mai hidimar ƙasa da kuɗinsa ke zuwa kaɗan-kaɗan, haɗawa ta fi ma'ana, saboda ana iya yin ta mataki-mataki. A sayi keken gwanjo mai lafiyayyen firam, a cire giyoyin, a sa firiwil ɗaya, a fara hawa tun a makon farko. Kuɗin motar da aka daina biya shi zai tara na hob. Amma kafin a sayi ko noti ɗaya, a rubuta farashin komai a takarda: firam, hob, faranti, zobe, sifok, taya biyu, tib, sarƙa, birki, madaurin ƙafa a feda, kwaɗo mai ƙarfi, da ladan mai gyara. Kayan da ake saye ɗai-ɗai suna da halin haurawa sama da kuɗin haɗaɗɗe ba tare da mai su ya lura ba, musamman idan aka soma da fenti da sirdin ado.

Ranar da hob ya iso, a sa mai gyara ya murɗa zoben kulle a gaban mai keke. Idan hagu ya ɗauru, an samu na ainihi. Idan dama ya ɗauru, a mayar wa wanda ya sayar. Bayan an haɗa, a yi kwanakin farko a fili ko a layin da babu mota, a koyi tsayawa da tashi, sannan a sake ɗaure zoben, domin faranti yakan ƙara shigewa bayan hawan farko ya bar zoben da sako-sako.